Sunan da Na Kira a Badagiri

Shekara uku na yi a ɗakina a Kudan, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Mai gidan ya bi masu kora shanu zuwa Kurmi da rani, ana saura 'yan watanni a sauke tutar Turawa, ya ce kafin ruwan shuka zai dawo. Ruwan shuka ya sauka, aka yi mulkin kai, aka gama kiɗe-kiɗe a Maƙarfi, wasu damina biyu suka zo suka wuce, shi shiru. Babu saƙo, babu ko ƙwayar goro a hannun matafiyi. Babu ma labarin mutuwa, balle mutum ya yi takaba ya huta.

Ni kuwa tun asali ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. In na ɗauki mazari zan yi kaɗi, kafin zare ya kai kamu biyu na ajiye. In share tsakar gida, in sake sharewa. In ce za ni ɗiban ruwa alhali randa a cike take, don dai in leƙa hanyar Hunƙuyi in ga wa ke tahowa. A fadama doki na zagaya injin matse rake tun safe har la'asar, ni ma haka nake zagaya gidan nan.

Baba malami ne, ba ya magana biyu. Wata rana cikin Rajab, bayan masu ɗaukar karatu sun watse, ya kira ni zaure ya ce, "Na yi haƙuri, na ƙara haƙuri. In watan azumi ya tsaya ba shi ba labarinsa, zan kai magana gaban alƙali a warware auren nan."

Na ce to. Amma cikina bai ce to ba. Ni ba akuya ba ce da za a kwance don mai ita ya ɓata. Wanda aka ɗaura da shi, shi nake so ya dube ni ya ce ya riƙe ko ya saki.

Gwaggo ce ta buɗe mini hanya. Ƙanwar Baba ce, kuma ita ta haifi mai gidan, don auren zumunci aka yi mana. Ta shigo da sassafe ta gaishe da wanta, ta ce za ta Kurmi sarin goro, tana son mai riƙe mata kaya. Gwaggo da ko tallan gyaɗa ba ta taɓa ɗora wa kowa ba! Kowa ya san abin da za ta nema, ba wanda ya faɗa. Mai gidan ɗanta ne na fari, kuma sunan mahaifinsu aka sa masa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba. In tana son ya ci tuwo, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan abinci na sanyi." Ni kuma da muna yara abokin wasana ne, na kira sunan nan na haɗa da tsiya ya fi a ƙirga. Daga ranar da aka shafa fatiha, sunan ya fita daga bakina. Mace mai mutunci ba ta kiran sunan miji, kuma a fagen mutunci ba wadda ta sha gabana a unguwarmu.

To ga mata biyu za su neman mutum a ƙasar da ba su sani ba, ba wadda ke iya faɗin sunansa. Baba ya hango wannan. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta takarda zuwa ga duk mai masaukin da za mu sauka wurinsa, ya sa sunan mutumin da na ubansa da garinsu, ya roƙi a taimaka mana don Allah. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu. Ta ce tun da akwai sunan Allah a ciki ba za a cusa ta cikin zannuwa ba. Ta naɗe ta a ƙyalle, ta ɗora bisa mazarƙwailar da muka shirya a adudu, wadda ita ce mafi daraja a kayanmu. Ban da adudun nan sai tabarma da buta da ƙullin kuka, sai tsinken kitsona.

Motar da ke kai mazarƙwaila Zariya ta ɗauke mu a saman kaya, muna riƙe da igiya. Daga nan muka shiga jirgin ƙasa, taragon talakawa, mu da kaji da buhunan albasa. Na kasa zama. Ina tsaye bakin taga, garwashin hayaƙi na shigar mini ido.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, zauna mana. Tsayuwarki ba ta ƙara masa gudu."

Na ce, "Gwaggo, in na zauna sai in ga kamar ya tsaya."

Ta ce, "Da ke aka ɗaura wa injin rake da an huta da sayen dusa."

Da muka hau gadar Kwara ta rufe ido tana salati. Ni na leƙa har ƙasa, na ga masu kwalekwale kamar ƙudaje a kan ruwa.

Guzurinmu ba mai kai mu Ikko kai tsaye ba ne, kuma dama sawun masu shanu muke bi, saboda haka a Ilori muka sauka. A nan muka koyi yadda talaka ke tafiya. Ka shiga gari, ka tambayi unguwar Hausawa, ka nemi mai masauki. Gwaggo ta miƙa takarda da curin mazarƙwaila, a shigar da mu wajen mata. Ni kuma in shimfiɗa tabarma in fito da tsinke. Matan zango sun daɗe ba su ga mai kitsa musu doka irin ta Zazzau ba, kuma hannuna ba na wasa ba ne. Kafin la'asar an yi layi. Su ba mu tuwo, su kuma yi wa wani direba magana ya ɗora mu bisa kayansa zuwa gari na gaba.

Mai masaukin Ilori ya karanta takarda ya yi tambaya, aka ce i, ya wuce ta nan da shanu, ya yi gaba zuwa Badun. Gwaggo ta so mu tsaya mu ga Juma'a. Tsohon gari ne, ga masaƙa jere a rumfuna, ga mata na gina tukwanen da mutum zai shiga ya zauna a ciki. Tana cikin kallonsu ni na riga na naɗe tabarma. A Badun na ga rufin kwano mai tsatsa ya hau tudu ya gangara ya sake hawa har iyakar ganina, na ce in mutum ya ɓata a nan ai sai Allah. Aka ce mai gidan ya yi shekara guda a nan yana yi wa masu goro dako, sannan ya yi kudu. A Abekuta wani ƙaton dutse ne a tsakiyar gari, gidaje sun raɓe a gindinsa. Abin da ya tsayar da Gwaggo shi ne marina. Mata ne ke rini, hannu baƙi ƙirin har gwiwa. Ta riƙe baki ta ce, "To mazansu me suke yi, daka?" Ni na hau dutsen har rabi, ba don kallo ba, don in hango inda hanya ta nufa.

Tun daga Badun iska ta yi nauyi. Ka yi wanka ka fito, jikinka na danƙo. Ka shanya zane tun safe, da yamma ka ɗauke shi da sanyinsa. Ba mu kawo komai a ranmu ba. A wurinmu mazarƙwaila in ta daskare da rani, sai ka sa dutse kafin ka fasa ta. Wa zai gaya mana akwai ƙasar da iska kaɗai ke narkar da ita?

A Agege muka buɗe adudu gaban mai masauki. Mazarƙwaila ta yi gumi ta zube, ta jiƙa ƙyalle, kiyashi sun yi gari a ciki. Gwaggo ta warware ƙyallen a hankali. Tawadar Baba ce, ta gawayi da ƙaro, wadda dama don a wanke a sha ake yin ta. Takardar ta zama wani baƙin danƙo, ba harafi ko ɗaya.

Mai masaukin wani Bakano ne mai tumbi da yawan dariya. Ya ce, "Ba komai, Iya. Yaya sunan yaron?"

Gwaggo ta dubi ƙasa.

Ya juyo gare ni. "To ke, 'yata?"

Na ja mayafi.

Ya tafa hannu ya ce, "La haula! Kun taho tun daga Zazzau neman mutum, kun manto bakin da zai faɗi sunansa a gida?"

Sai ya gyara zama ya shiga jero sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi, yana duban fuskokinmu. Da ya zo kan wanda muke nufi, Gwaggo ta yi tari ta rufe fuska. Ya ce, "Madalla. Sai dai masu wannan suna a Agege, in na tara su sai su cika masallaci." Kwana huɗu ana kawo mana su muna leƙe ta bayan zana. Dogo, gajere, mai gemu, mai ɗingishi. Wani tsoho mai haƙori biyu ya ɗaga murya ya ce in ba a samu na ainihin ba, shi ga shi. Gwaggo ta ce daga cikin gida, "A gaya wa wannan ya je ya nemo sauran haƙoransa tukuna."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Sha'aban ya raba tsakiya. Na daina iya cin abinci a zaune. Ina kitso ina ƙirga kwanaki da yatsun ƙafa, har wata ta ce ina ja mata gashi kamar mai bin ta da haushi. Ita ce ma ta tambaye ni ko ba shi da wata alama a jiki. Yana da ita mana. Injin rake ya ci masa ƙaramin yatsa na hannun hagu tun yana saurayi. Na san da haka tun daga Ilori, amma faɗin aibin miji a gaban baƙi shi ma abin kunya ne, shi ya sa na riƙe. Ranar dai na faɗa, a hankali, kusa da kunnenta. Ta ce mijinta fataucin busasshen kifi yake yi, bari ya dawo. Da ya dawo ya ce akwai wani Bazazzagi mai yatsa tara da ke jan taru tare da masunta a Badagiri, can bakin teku.

Washegari muna Ikko. Kafin a samu kwalekwalen da zai ɗauke mu, wata mai tuwo ta ce kada mu bar garin ba mu ga teku ba, ta nuna mana hanya. Tun daga nesa muka ji ruri kamar ana ruwan ƙanƙara bisa kwano. Da muka fito fili Gwaggo ta tsaya cik. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina ɗaya gaɓar?" Na ce babu. Ta ce, "Ba a yin ruwa babu gaɓa, ke dai ba ki gani ba ne." Da za mu tafi ta ƙi juya masa baya, da baya da baya ta yi ta tafiya har muka kai titi. Ni kuwa, abin da ban gaya mata ba, wannan ruwan da ya kasa kwanciya, ya zo ya koma ya sake zuwa, shi ne abu na farko a tafiyar nan da na ji ya yi daidai da cikina.

Masu fataucin kwakwa suka ɗauke mu, muka zauna bisa buhunan da babu komai. Ba ta teku aka bi ba, ta wani ruwa kwantacce ne da ya bi bayanta tsakanin itatuwa. Badagiri tsohon gari ne ƙwarai, shiru, gidaje sun sha ruwa sun yi kore, ga wani tsohon bene na katako yana kallon ruwan. Hausawa kaɗan ne. Wanda ya saukar da mu ya kai mu wurin wani dattijo da ke ajiye da sarƙoƙin da aka riƙa ɗaure bayi da su kafin a tsallakar da su. Na ɗaga ɗaya, ta fi taɓarya nauyi. Gwaggo ta shafa ta, sannan ta ce, "Waɗannan a ɗaure aka kawo su. Wancan kuwa da ƙafarsa ya zo."

Mai masaukinmu ya san masuntan. Ya ce ba a cikin gari suke ba, sai mun tsallake ruwan nan mun ratsa kurmin kwakwa. Ya ce kuma mu yi sammako, don ya ji za su ɗaga su bi kifi yamma, ba za su dawo ba sai damina. Shi yana da kaya a kasuwa, bai bi mu ba. Muka tsallaka mu biyu, ba mai jin Hausa tare da mu.

Da hantsi muka ɓullo daga cikin kwakwa. Rairayi fari fat, ba iyaka hagu ba iyaka dama. Can gaba ga wani dogon jirgi mai fenti, an riga an loda masa taru da tukwane da tabarmi, maza kusan ashirin na tura shi cikin ruwa suna waƙa. Duk rana ta ƙona su, duk gajeren wando. Na bi bayansu da ido ɗaya ɗaya. Na ga wata kafaɗa da ta karkata hagu. Kafin in tabbata sai na ga Gwaggo ta kau da kai tana duban kwakwa. Nan na san shi ne.

Na ajiye adudu na ruga. Rairayi na cin ƙafa, kamar gudu a mafarki. Na yi kira, "Malam!" Ruwa ya haɗiye. "Mai gida! Kai! Bawan Allah!" Ba wanda ya waiwaya. Ruwa ya kai musu ƙugu, na gaba sun fara tsalle suna hawa. Na shiga har gwiwa, wata igiyar ruwa ta zo ta make ni na faɗi zaune, gishiri ya cika mini hanci. Na tashi. Ya dafa gefen jirgi da hannun nan mai yatsa huɗu zai hau. In ya hau, azumi zai tsaya yana tsakiyar teku, alƙali ya yanke abin da ni ban ji daga bakinsa ba.

Na buɗe baki na kira sunansa. Sunan yanka, yadda liman ya raɗa masa, da muryar da nake korar tsuntsaye a gonar dawa. Sau biyu na kira, uwarsa na tsaye a bayana.

Ya saki jirgin kamar an harbe shi.

Ya fito yana ɗigar ruwa, ya dube ni, ya hango wadda ke bayana, sai ya wuce ni ya je ya durƙusa nesa da ita kaɗan. "Inna, sannu da hanya. Yaya mutanen gida?"

Gwaggo ta ce da bishiyar kwakwa, "A tambayi wancan ko a garin nan ba a sayar da riga."

Ni ban tsaya gaisuwa ba. Na ce, "Azumi saura kwana tara. Baba ya ce in wata ya tsaya zai je gaban alƙali. Ban zo roƙo ba. Ka riƙe ko ka saki, ka faɗa mini in koma da ita."

Ya ce, "Na so in dawo da abin hannu ne. Kowace shekara sai in ce baɗi."

Na ce, "Baɗi ta zo sau uku, ni na tarbe ta."

 Babban masuntan yana tsaye cikin jirgi yana yi masa ihu da yarensu, yana nuna ruwa. Mai gidan ya dubi jirgin, ya dubi ƙasa, ya sake duban jirgin. Ba zan yi masa ƙarya ba yau da ba ya nan: ransa na can. Na gani a idonsa, kuma na gane, don ni ma da an ce in hau da na hau.

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce mini, "Ɗauki kaya mu tafi. Mun ga teku."

Na sunkuya zan ɗauki adudu, sai ya riga ni. Ɗan Kudan ba ya barin uwarsa ta juya da kaya bai taka mata ba. Ya ɗaga wa masuntan hannu alamar yana zuwa, ya ɗora adudu a ka, ya shige gaba. A bakin ruwan nan kwantacce ya ce bari ya tsallakar da mu. A Badagiri ya ce bari ya ga mun samu kwalekwale. Kwalekwalen ya cika da maza baƙi, ya ce bari ya kai mu Ikko.

A tashar jirgin ƙasa ya ɗora mana kaya, ya tsaya bakin ƙofa yana jira. Kowa ya san abin da yake jira. Mai rakiya ba ya juyawa sai an ce masa, "To, koma haka, an gode." Ni kuwa haushi ya cika ni, don har yanzu bai ba ni amsa ba. Na buɗe baki zan sallame shi ya je ya ƙarata, sai na ji farce a cinyata.

Gwaggo ta ce, "Ke ce babba a nan?"

Babba ke sallamar mai rakiya. Babbar kuwa ba ta yi masa magana tun da ta haife shi. Ta zauna ta miƙe ƙafa tana duban taga. Jirgi ya yi kuka, ya motsa, shi kuma yana ciki, tsaye bakin ƙofa da rigar aro a jikinsa.

Mun wuce Agege kafin ta sake magana. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ruwan can ƙara gare shi. Ni ban ji komai ba."

Na ce, "Ni ma, Gwaggo."

Ban runtsa da rai ɗaya ba a tafiyar nan. Kowace tasha sai ya miƙe ya dubi ƙofa, ni ma in miƙe. A Ilori ya ɗauki buta ya sauka neman ruwa. Na tsaya bakin taga ina duban kawunan mutane har jirgi ya fara ja, sai ga shi da gudu, ruwa na zuba. Gwaggo ta karɓi butar ta hannuna ta ce a gaya wa wancan rabi ya kawo.

Saura kwana biyu a ga wata muka shiga Kudan. Baba na zaure. Mai gidan ya cire takalmi ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, ina laɓe bayan ƙofa ina jiran kalmar da na je nema har bakin teku.

Baba ya ce, "Ka dawo ke nan?"

Ya ce, "Rakiya na yi, Kawu."

Baba ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "To madalla. Mai rakiya ma azumi na kama shi. A kai masa ruwa."

Ni na kai ruwan. Ba a je gaban alƙali ba. Ya koma fadamar ubansa, muka haifi 'ya'ya, muka aurar da su. Amsar nan dai ban taɓa jin ta daga bakinsa ba, ni kuma na fi ƙarfin in sake tambaya. Gwaggo ta rasu ba ta sallame shi ba, girma ya dawo kaina. Akwai ranakun da ya ɓata mini rai har maganar ta zo mini kan harshe. Har Allah ya karɓi abinsa ban ce masa ya koma haka ba.